Kyamarar Tsaro a Shagon Bahaushe a Fatakwal: A Sa Ko Kada a Sa?

A watan Satumba na 2019, wani hoto da kyamarar otal ta ɗauka a Fatakwal ya bazu a wayoyin jama'a. An ga wani mutum ya shiga otal ɗin da wata budurwa, daga baya ya fito shi kaɗai. A lokacin gari na cikin firgici, don ana ta tsintar gawarwakin 'yan mata a ɗakunan otal, an shaƙe su. Ba a jima ba 'yan sanda suka kama mutumin, Gracious David-West, a kan hanyar East-West yana ƙoƙarin barin jihar Ribas, kuma a watan Oktoba na 2020 babbar kotun jihar ta yanke masa hukuncin kisa. Rundunar 'yan sandan jihar ta umarci masu otal da su sa kyamarori. Wanda duk ya zauna a Fatakwal a wannan lokaci ya san cewa maganar kyamara ta fita daga bankuna da gidajen manya, ta shigo bakin ƙananan 'yan kasuwa.

Ta shigo har Rumuokoro. Wannan mahaɗa, da ke ƙaramar hukumar Obio/Akpor, ita ce inda hanyar East-West ta gitta titin Ikwerre. Daga nan ake miƙewa zuwa Choba da Jami'ar Fatakwal, daga nan ake hawa hanyar filin jirgin sama na Omagwa, a wuce Elele da Owerri har Anacha. Gwamnatin Nyesom Wike ta yi gadar sama a wurin, amma cunkoson ƙasa yana nan. A gefen wannan cunkoso ne mutanenmu ke neman abinci: mahauta, masu tsire, masu albasa da tumatir da wake, masu shayi, masu gyaran takalmi, 'yan gwangwan, da masu gadin gidajen mutane. Wasu sun yi shekara talatin a garin, sun yi shago da sito, sun kama gidan haya da iyali. Waɗannan ne yanzu masu haɗa kyamara ke bi shago-shago suna nuna musu waya, suna cewa, "Alhaji, kana Kano ma za ka ga shagonka."

An rabu biyu a kan wannan tayi, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ba a ture ta da hannu ɗaya.

Masu cewa a sa suna farawa ne daga halin baƙunta. Bahaushe a Fatakwal ko Anacha ko Inugu, ko a can aka haife shi, idan rigima ta tashi maganarsa ba ta da nauyin ta ɗan gari. Wani ya ce ya ba yaron shago kuɗi ba a ba shi canji ba, wata ta ce a shagon wayarta ta ɓace, wani ya nuna saƙon banki na bogi ya ɗauki buhun wake ya tafi. Kafin a kira Sarkin Hausawa ko shugaban kasuwa, taro ya taru, kuma taro ba ya jiran bincike. A Aluu, ƙauyen da ke kusa da Choba, a watan Oktoba na 2012 aka kashe ɗaliban Jami'ar Fatakwal huɗu bisa zargin sata da ba a tabbatar ba. Su ma ba Hausawa ba ne. Idan ihun "ɓarawo" zai iya yin haka ga 'yan jami'a, me zai yi ga yaron da ya zo daga Ilela ko Maraɗi wata uku da suka wuce, bai iya turancin buroka ba? Masu wannan ra'ayi suna cewa kyamara shaida ce da ba ta da ƙabila. Za a iya buɗe waya a gaban kowa a ce ga lokacin da kika shigo, ga lokacin da kika fita, ga wayarki a hannunki. Rigimar da za ta kai ga ƙona shago sai ta mutu cikin minti biyar.

Suna ƙarawa da yanayin zaman ɗan kasuwar Arewa a Kudu, wanda rabinsa yana can rabinsa yana gida. Sallah, biki, rasuwa, damina, sarin kaya a Dawanau ko Aliyaro, duk suna raba shi da shago na makonni. A Anacha da Inugu kuma, tun watan Agusta na 2021 da ƙungiyar IPOB ta ƙirƙiro zaman gida na ranar Litinin, an shafe shekaru mai shago yana wuni a ɗaki alhali dukiyarsa na kulle a titin da babu kowa. Samun damar leƙa ƙofar sito daga inda kake kwanciyar hankali ne da wanda bai yi kasuwanci nesa da gida ba ba zai gane ba. Sukan kuma kawo misalin fashin bankunan Offa a jihar Kwara, a watan Afrilu na 2018, inda 'yan sanda suka fitar da fuskokin 'yan fashin daga hoton kyamara, aka kama su, har kotu ta yanke wa biyar hukuncin kisa a 2024.

Masu cewa kada a sa ba sa musun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da suke cewa shi ne an ɗora wa kyamara nauyin da ba za ta iya ɗauka ba. Kisan Aluu ai an ɗauke shi a waya, duniya ta gani, hoton ya taimaka aka hukunta mutum uku a 2017, amma bai dawo da rai ko ɗaya ba. A watan Maris na 2025, mafarauta 16 da suka taso daga jihar Ribas za su gida Kano yin Sallah aka tare su a Uromi ta jihar Edo, aka kashe su bisa zargin garkuwa da mutane, ana yi ana ɗauka. Dattijan da suka ga abin da ya faru a Anacha a watan Fabrairu na 2006, lokacin ramuwar gayya kan rikicin Maiduguri, da waɗanda suka gudu daga Oyigbo a watan Oktoba na 2020, za su gaya maka cewa ranar da abu ya ɓaci, akwatin naɗar hoton yana ƙonewa tare da shagon. Abin da ya ceci waɗanda suka tsira shi ne maƙwabci ɗan gari da ya buɗe musu ƙofa, da barikin soja. Saboda haka, in ji su, kuɗin kyamara gara a kashe shi wajen kyautata maƙwabtaka da biyan kuɗin 'yan sintiri.

A nan sai su kawo maganar da ta fi ci mini rai. Kyamarar da ke kan ƙofar Bahaushe tana kallon titi, titin kuma na masu gari ne. A wurin da ake yawan yaɗa jita-jitar cewa 'yan Arewa 'yan leƙen asiri ne, wani zai iya tsayawa ya nuna ta da yatsa ya ce, "Wa yake aika wa hotonmu?" Abin da aka sa don kashe zargi sai ya haifi wani zargin. Wannan ba tsoron banza ba ne, kuma wanda ya yi watsi da shi bai san zaman Kudu ba.

Sai maganar gwamnati. A 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470, mafi yawan kuɗin bashi ne daga bankin Exim na Sin, don kafa tsarin sadarwar tsaro da ya haɗa da kyamarori kimanin 2,000 a Abuja da Legas. Ba a je ko'ina ba aka ga sandunan a tsaye babu aiki, an sace batira da farantan sola. A ƙofar karɓar haraji ta Lekki kuma, kamfanin da ke kula da wurin ya shaida wa kwamitin bincike cewa kyamararsa ta daina naɗa da misalin ƙarfe takwas na daren 20 ga Oktoba, 2020, daren zanga-zangar nan da kowa ke son sanin abin da ya faru a wurin. Mai albasa yana da haƙƙin ya tambaya: idan masu miliyoyin dala sun kasa riƙe abin, ni da ke sayen fetur lita-lita fa?

Tambayar tana da tushe, don kyamara ba ta aiki da fatan alheri. Wuta take so dare da rana, kuma daren da aka ɗauke wuta shi ne daren ɓarawo. Wutar kamfanin PHED a Fatakwal da ta EEDC a Anacha da Inugu kowa ya san halinta, ga shi a watan Afrilu na 2024 an ɗaga kuɗin masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. Wanda bai haɗa da batir ko sola ba, ado kawai ya rataye. Data ma haka. Kyamarar da ke tura hoto mai kyau, megabit biyu a daƙiƙa, tana cin kusan gigabait ɗaya a awa guda idan ana kallo ta intanet, kuma a watan Janairu na 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Ga ruwan Fatakwal da tsawa mai ƙona na'ura ta cikin waya. Ga kuma baƙin ƙurar da ta fara sauka a garin tun ƙarshen 2016 daga matatun mai na ɓoye, wadda ke kwanciya a kan gilashin kyamara har hoton dare ya koma hazo, idan ba a hawa ana gogewa.

Akwai kuma abin da ya shafi zuciya. Kasuwancinmu a kan amana aka gina shi. Yaron shago sau da yawa ɗan ƙanwa ne ko ɗan aminin uba, an damƙa shi hannu da hannu. Ranar da ya ɗaga kai ya ga ido a kan aljihun teburin kuɗi, ya san me ake nufi, ko da ba a faɗa ba. Wasu za su ce mai gaskiya ba ya tsoron kyamara. Haka ne, amma mai gaskiya yana jin ciwon a zarge shi. Kada kuma a manta cewa gadi yana cikin manyan sana'o'in mutanenmu a Fatakwal. Duk gidan da ya yarda cewa kyamara ta ishe shi, wani ɗan Sakkwato ko ɗan Tawa ne zai naɗe tabarmarsa. Ko da yake a nan ina ganin tsoron ya fi abin girma, don kyamara ba ta buɗe get, ba ta busa usur, ba ta san fuskar 'yan unguwa ba, kuma gidajen da suka sa ta galibi suna riƙe da maigadinsu.

Duk wannan muhawara ana yin ta ne kamar kyamara abu ɗaya ce, ko ka sa ko ka bari. A ganina a nan ɓangarorin biyu suka yi tuntuɓe. Abin da ke raba kyamarar da za ta amfane ka da wadda za ta cuce ka shi ne yadda aka haɗa ta, da wanda ke riƙe da mabuɗinta, da ko za ta buɗu a kan na'urorin da kake da su.

Dubi yadda ake sa ta a yawancin shaguna. Mai haɗawa ya zo da kwali, ya huda bango, ya ja waya, ya jona akwatin naɗa da rauta mai layin MTN ko Airtel. Sai ya ciro wayarsa, ya buɗe manhaja, ya haska ɗan tambarin nan mai murabba'i da ke jikin akwatin. Hoto ya fito. Sannan ya karɓi wayar Alhaji ya sa masa manhajar, ya shigar da shi, Alhaji ya ga kansa a allo yana tsaye a ƙofar shago, ya yi murmushi, ya biya. Abin da Alhaji bai lura ba shi ne a asusun wa aka ɗaure na'urar. A tsarin Hik-Connect na kamfanin Hikvision, alal misali, asusu ɗaya ne ke mallakar na'ura, sauran rabawa ake yi musu. Idan asusun mai haɗawa ne, to shi ne maigida, Alhaji baƙo ne a kyamararsa. Mai haɗawa yana ganin lokacin da ake ƙirga kuɗi, da inda ake ajiye su, da ranar da aka kulle aka tafi Arewa. Yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halak, amma wayarsu na iya ɓacewa, yaransu na iya ɗauka, kuma ranar da aka saɓa ko ya bar gari, sai an sha wahala kafin a kwance ɗaurin.

Daga nan sai matsalar na'urori daban-daban ta biyo baya, kuma ita ce ta fi sa mutane yin fushi su cire abin. A gida ɗaya za ka sami Alhaji da Tecno ko Infinix mai tsarin Android, babban ɗansa da iPhone, a shago akwai kwamfuta 'yar gwanjo mai Windows 7, ƙaninsa da ke karatun kwamfuta a Choba kuma ya sa Linux a tasa. Kowa yana son ya ga hoto. A waya abin yana da sauƙi, don manyan manhajoji irin su Hik-Connect da DMSS ta kamfanin Dahua da V380 ta ƙananan kyamarori masu araha duk suna da ta Android da ta iPhone. Ko a nan ma akwai tarko: wayoyin Android masu araha sukan kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don tattalin batir, sai ƙararrawar da ya kamata ta tashe ka ƙarfe biyun dare ta iso bayan Asuba, in ba ka shiga saiti ka cire wa manhajar wannan takunkumi ba.

A kwamfuta ne ake ganin tasku. Shekara da shekaru, masu ƙera akwatunan naɗa sun gina shafin kallonsu a kan wata ƙaramar manhaja da ba ta aiki sai cikin Internet Explorer na Windows. Microsoft ya yi ritayar Internet Explorer a watan Yuni na 2022. Wanda ya sayi tsohon akwati, irin wanda ake saukewa da araha a kasuwar Alaba ko babbar kasuwar Anacha, zai buɗe Chrome ya rubuta adireshin na'urar, ya shigar da kalmar sirri, sai ya ga baƙin allo da rubutun da ke cewa ya sauke wani abu. Ya sauke, ya sake buɗewa, baƙin allon yana nan. Mai Mac da mai Linux ma ba su da abin saukewar. Manhajar iVMS-4200 ta Hikvision akwai ta a Windows da Mac, mai Linux kuwa sai ya nemi wata hanya. Manhajojin da ba na masu kyamarar ba su ma kowace da gidanta: Blue Iris ta Windows ce, SecuritySpy ta Mac, ZoneMinder ta Linux. Abin da mutane kan yi sai su ajiye tsohuwar kwamfutar nan mai Windows 7 saboda ita kaɗai ke nuna hoto, alhali Microsoft ya daina toshe mata ɓaraka tun watan Janairu na 2020, Windows 10 ma ta bi sahu a watan Oktoba na 2025. Wato an jona ƙofar tsaro da na'urar da ta fi kowace rauni a gidan.

Akwai mafita, kuma ba sabuwa ba ce. Tun 2008 kamfanonin Axis da Bosch da Sony suka kafa ƙa'idar ONVIF don kyamarar wani kamfani ta iya magana da akwatin wani. Akwai kuma RTSP, hanyar da kyamara ke bi ta miƙa hotonta ga duk manhajar da ta nema da izini. Kyamarar da ke da waɗannan biyun za ka iya buɗe ta da VLC, wadda kyauta ce kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux da Android da iPhone, matuƙar kana kan layin gida ɗaya da ita. Idan kamfanin da ya ƙera ta ya rufe, ko ya daina sabunta manhajarsa, kyamarar ba ta mutu ba. Da yawa daga cikin masu arahar nan da ake ɗaurawa a mazaunin ƙwan fitila ba su da wannan, ko kuma an toshe shi. Hotonsu sai ya bi ta rumbun kamfanin a wata ƙasa kafin ya dawo wayarka, ko da kana zaune a ƙarƙashinsu. Dalilin da ya sa wannan hanya ta karɓu a Najeriya shi ne layukan waya ba sa ba kowane rauta adireshin kansa a intanet, mutane da yawa ne ke raba ɗaya, don haka ba a iya shigowa kai tsaye daga waje sai ta hannun ɗan tsakiya. Ba laifi ba ne a yi amfani da ɗan tsakiya don leƙe daga nesa. Laifin shi ne ya zama ba ka da wata ƙofa sai tasa.

Masu adawa suna da gaskiya a kan kutse, fiye ma da yadda suka sani. A 2014 wani shafin intanet mai suna Insecam ya baje hotunan kyamarori sama da 73,000 daga ƙasashe daban-daban, falo da ɗakin kwana da shaguna, ba tare da ya fasa komai ba. Masu su ne kawai ba su canza kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta ba. A watan Oktoba na 2016 wata muguwar manhaja, Mirai, mai gwada kalmomin sirri na masana'anta kimanin 60, ta tara dubban kyamarori da akwatunan naɗa ta kai hari da su, har Twitter da Netflix suka tsaya a sassan Amurka, kamfanin Xiongmai na Sin kuma ya janye wasu kayansa daga kasuwa. A 2021 an gano wata babbar ɓaraka a kyamarorin Hikvision da ke ba ɗan kutse damar karɓe na'ura ba tare da kalmar sirri ba. Kamfanin ya fitar da gyara, amma gyara sai an sauke shi, kuma ban ga mai haɗawar da ke komawa shago bayan shekara ya sabunta na'ura ba tare da an kira shi ba.

Wannan ya kai ni ga wurin da ba na ganin akwai ɓangare biyu. Kyamara mai jone da intanet ba ta da wurin zama a cikin gidan Bahaushe, a tsakar gida ko falo ko ɗaki, inda mata ke zama ba mayafi. Addininmu ya wajabta neman izini kafin a shiga gidan wani, kamar yadda ya zo a Suratun Nur, ya kuma hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat. Magidancin da ba zai bar baƙo ya wuce zaure ba, bai kamata ya buɗe wa mai haɗawa da kamfanin wata ƙasa da duk wanda ya tsinci kalmar sirri taga zuwa ɗakin matarsa ba. A gidajen haya na Rumuokoro, inda iyalai da yawa ke raba tsakar gida da famfo da banɗaki, abin ya fi muni, don iyalin wasu kake ɗauka. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da gidansa, kuma tun watan Yuni na 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a da hukumarta. Wanda ya sa kyamara don ya riƙa leƙen matarsa daga kasuwa, matsalarsa ba ta na'ura ba ce.

Masu goyon baya kuma akwai inda suke sakaci. Suna cewa kyamara shaida ce, amma kaɗan ne suka taɓa gwada ciro shaidar. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi abin da kwamfuta ta samar, da sharaɗin a nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin, tare da takardar shaida daga mai kula da ita. Akwatin da agogonsa ya koma wata shekara daban saboda ɗauke wuta da mutuwar ɗan batirin ciki ya ba lauyan ɗaya ɓangaren abin riƙewa. Hoton ma ba ya dawwama. Kyamara huɗu masu naɗa dare da rana a kan megabit biyu za su cika faifai mai terabait ɗaya cikin kamar kwana goma sha ɗaya, daga nan sabo ya hau kan tsoho. Wanda ya tafi Sallah ya yi mako uku, ya dawo ya tarar da asara, abin da yake nema ya riga ya goge. Idan an ciro kuma, wasu akwatunan suna fitar da shi a sigar kansu, kamar ta Dahua mai ƙarewa da dav, wadda ba kowace manhaja ke buɗewa ba, sai ka kai wa ɗan sanda filashi ya sa a kwamfutarsa ya ce babu komai. Mafi ciwo shi ne wanda ya cire faifan akwatin ya jona da kwamfuta mai Windows. Windows ba ta gane tsarin faifan, sai ta tambaya ko a shirya shi sabo. Yaro ya danna "to", ya lalata shaidar da hannunsa.

Da na auna duka, ina tare da masu cewa a sa, amma a shago da sito da ƙofar waje kaɗai, kuma bisa sharuɗan da masu adawa suka tilasta mini yarda da su. Kyamarar ta kalli ƙofarka da kayanka, kada ta leƙa tagar maƙwabci. Kafin a huda bango a gaya wa mai gidan haya da maƙwabta da shugaban layi, a nuna musu abin da take gani a waya, a ce musu idan an yi wa wani ɓarna a gabanta ya zo a duba masa. Da haka kyamarar Bahaushe za ta zama ta layin gaba ɗaya, kuma mai nuna ta da yatsa zai rasa mai saurarensa. Yaran shago ma a zaunar da su a faɗa musu gaskiya, cewa ita ce za ta wanke su ranar da wani ya yi musu ƙazafi. Hoton ya riƙa naɗuwa a akwatin da ke hannunka, a ɓoye shi nesa da inda allo yake, a haɗa shi da batir. Idan babu kuɗin batir, a jira har a samu.

Wajen saye, tambaya uku sun isa a raba mai kaya mai kyau da mai neman kai da kai. Tana da ONVIF da RTSP? Za ka buɗe mini ita a Chrome ba tare da sauke komai ba, a kan kwamfutata da wayar ɗana? Za ka buɗe asusun da lambar wayata, in sa kalmar sirrina da hannuna kana juya baya? Wanda ya fara kame-kame a kan ta ukun, a sallame shi. Kafin a biya shi cikon kuɗinsa kuma, ya tsaya ya nuna wa mutum biyu a gidan yadda ake ciro hoton jiya a sa a filashi, a buɗe shi a wata kwamfutar daban a gani.

Kirana ga Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa a Fatakwal da Anacha da Inugu shi ne kada su bar kowa yana faɗa wa wannan rami shi kaɗai. Muna da matasa a Jami'ar Fatakwal da sauran makarantun yankin da suka karanci wannan fanni. A zaɓi amintattu daga cikinsu, a biya su, su zagaya shagunan da aka riga aka sa wa kyamara, su duba a asusun wa take, su canza kalmomin sirri, su daidaita agogo, su sabunta abin da ke buƙatar sabuntawa. Kai kuma mai karatu, idan akwai kyamara a shagonka yanzu haka, buɗe manhajar yau ka duba lambar wayar da aka yi rajistar asusun da ita. Idan ba taka ba ce, kira wanda ya haɗa maka kafin ka rufe shago.